Ajiyar mamaci: da wane ma'auni ake rarrabe daidai da kuskure?

Ɗalibi daga Zariya:

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Ina aji biyu a jami'a, kuma a wannan zangon karatu an sa mana darasin falsafa, har mun iso babin da ya shafi tushen kyawawan ɗabi'u. An koya mana cewa ra'ayoyi uku ne suka fi shahara a wannan fage: na Aristotil, wanda ya tsaya a kan halin mutum, da na Kant, wanda ya tsaya a kan wajibi, da na Bentam da Mil, wanda ya tsaya a kan abin da aiki zai haifar. Na haddace su saboda jarrabawa, amma ban san nauyinsu ba sai da wani al'amari ya taso a gidanmu.

Kawuna ɗan kasuwa ne. Shekara biyu da suka wuce wani amininsa ya ba shi ajiyar kuɗi masu kauri, babu takarda, babu shaida, daga su sai Allah. A watan jiya mutumin ya rasu ba tare da wata doguwar jinya ba. 'Ya'yansa duk Allah ya buɗa musu, ba su san da ajiyar ba, kuma babu yadda za a yi su sani idan kawu bai faɗa ba. Sai kuma ga yaron shagon marigayin, wanda ya yi masa hidima fiye da shekara ashirin, yanzu ya manyanta da iyali a wuyansa, an rufe shagon an sallame shi hannu rabbana. Kawu ya ce ya sha jin marigayin yana cewa yana so ya ba wannan bawan Allah jari ya tsaya da ƙafarsa, amma ajali ya riga shi.

Kawu bai taɓa tunanin cin ko kwabo ba. Abin da ya hana shi barci shi ne ko ya miƙa kuɗin ga magada, waɗanda ba zai ƙara musu komai ba, ko ya ba yaron shagon a asirce, ya cika burin amininsa ya kuma ceci gida guda daga wulaƙanci.

Tambayata biyu ce. Ta farko, me kowane ɗaya daga cikin waɗannan ra'ayoyi zai ce a kan wannan al'amari? Ta biyu ita ce ta fi damuna: me ya sa mayar da amana ya zama wajibi tun daga tushe? Don Allah ya yi umarni da shi ne, ko don hankali ya gano kyawunsa, ko don mutane sun ga zamansu ba zai yiwu ba sai da shi? Idan manyan masana sun kasa haɗuwa a kan ma'auni ɗaya, ina tsoron kada a ce babu daidai babu kuskure sai abin da kowa ya ga dama.

Tsohon Malamin Makaranta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan marigayin, ya ba kawunka mafita. Ka sani da maganar ajiya aka buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan wannan fanni. A farkon littafin Jamhuriya na Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, wani dattijo mai dukiya ya nuna cewa mutumin kirki shi ne wanda bai yaudari kowa ba kuma bai riƙe hakkin kowa ba. Sai Sokratis, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tambaye shi: idan abokinka ya ba ka ajiyar makami yana cikin hayyacinsa, daga baya ya dawo nema alhali ya sami taɓin hankali, za ka miƙa masa? Kowa ya yarda ba za a miƙa ba. Daga nan aka gane cewa dokar mayar da ajiya, duk da ingancinta, ba ita ce adalcin kansa ba, akwai wani abu a bayanta da take yi wa hidima, kuma neman wannan abin shi ne aikin falsafar ɗabi'u.

Aristotil, almajirin Aflatun, ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi bai fara da tambayar wane aiki ne halal ba, ya fara ne da tambayar mene ne ƙarshen abin da ɗan Adam ke nema, wanda ake nemansa don kansa ba don a kai ga wani abu ba. Amsarsa ita ce abin da masu fassara littafinsa zuwa Larabci suka kira sa'ada, wato mutum ya rayu rayuwa cikakkiya yana aiki da hankalinsa bisa nagarta, tsawon rayuwarsa ba kwana ɗaya ko biyu ba. Nagarta kuwa a wurinsa ba a gadonta, da sabo ake samunta: kamar yadda magini yake zama magini ta hanyar yin gini, haka mutum yake zama adali ta hanyar yawaita aikin adalci. Ya ce galibin kyawawan halaye suna zaune ne tsakanin gazawa da wuce gona da iri, jarumtaka tsakanin ragwanci da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci, kuma babu wani lissafi da zai nuna maka tsakiyar, sai basirar mutumin da ya goge da rayuwa.

Ɗalibai da yawa sukan ɗauka wannan yana nufin komai ana iya yi masa sassauci. Ba haka ba ne. Aristotil ya faɗa a fili cewa akwai ayyukan da ba su da tsaka-tsaki, ya ambaci zina da sata da kisan kai, ya ce sunansu kaɗai ya ƙunshi muninsu. Sannan kyauta a wurinsa ita ce mutum ya bayar daga abin da ya mallaka. Don haka idan ka kawo masa maganar kawunka, ina ganin zai yaba tausayinsa, amma zai ce wanda ya yi kyauta da dukiyar wani bai yi kyauta ba.

Wanda ya fi kusantar al'amarinku shi ne Immanuel Kant, Bajamushen da aka haifa a 1724 ya rasu a 1804. A wata maƙala da ya wallafa a 1793 ya kawo misalin da kusan shi ne naku. Wani mutum yana riƙe da ajiya, mai ita ya mutu, magada ba su sani ba kuma ba za su sani ba, shi mai riƙon ya faɗa cikin talauci ba da laifinsa ba, iyalinsa suna cikin ƙunci, magadan kuwa attajirai ne marasa tausayi masu almubazzaranci, har ba su kuɗin kamar zuba su ne a teku. Kant ya ce ko yaro ɗan shekara takwas ko tara aka ba wannan labari aka tambaye shi ko ya halatta a riƙe ajiyar, zai ce a'a, kuma ba sai ya tsaya lissafin riba da hasara ba.

Hujjarsa tana cikin ƙaramin littafin da ya fitar a 1785 a kan tushen ɗabi'u. Ya raba umarni gida biyu. Akwai mai sharaɗi, kamar a ce idan kana son abokan ciniki to kada ka yi tauye, wanda ya daina son abokan ciniki ya fita daga ƙarƙashinsa. Akwai kuma marar sharaɗi, wanda ya hau kan duk mai hankali ko yana so ko ba ya so. Yadda ake gwada shi kuwa shi ne ka fito da ƙa'idar da kake shirin aiki da ita, ka tambayi kanka ko za ka yarda ta zama doka ga kowa. Ƙa'idar kawunka, idan ya ba da kuɗin a ɓoye, ita ce: duk wanda aka ba ajiya babu shaida, mai ita ya mutu, yana iya karkatar da ita inda ya ga ya fi dacewa. Ranar da wannan ta zama dokar kowa, ranar ajiya ta ƙare a duniya, domin babu wanda zai sake ba wani. Ka ga ƙa'idar ta rushe abin da ta dogara da shi. Yana da gwaji na biyu wanda ni ya fi ratsa ni: kada ka mayar da ɗan Adam makamin biyan buƙata kawai, ka girmama shi a matsayin mai hankali mai ikon yanke shawarar kansa. Magadan nan, komai arzikinsu, idan aka ɓoye musu gaskiya an yanke hukunci a kan dukiyarsu a bayan idonsu, an kuma hana su damar da za su yi alherin da kansu. A kan wannan al'amari ni ina tare da Kant.

Ma'aikaciyar Jinya:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru ƙwarai da bayaninka, amma ina neman izini in kare ɓangaren da ba ka taɓo ba, domin mu da muke aikin asibiti kullum da shi muke kwana muke tashi. Idan marasa lafiya biyu suka shigo kuma tukunyar iskar numfashi ɗaya ce ta rage, babu wata ƙa'ida da za ta cece mu daga duba wanda ya fi buƙata da wanda aikin zai fi yi wa amfani.

Shi Kant ɗin nan, a 1797, ya rubuta cewa ko mai kisan kai ne ya zo ƙofarka yana tambayar ko abokinka da ya ɓuya yana ciki, ba ka da ikon yi masa ƙarya. Ban taɓa haɗuwa da uwa ko ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi wannan magana ba, kuma ina ganin ra'ayin da ya kai mai shi nan akwai abin da ya ɓace masa a hanya.

Jeremi Bentam ya fitar da littafinsa a kan tushen ɗabi'u da dokoki a 1789, a Ingilar da dokokinta suka tanadi rataya a kan laifuffuka masu ɗimbin yawa, har da ƙananan sace-sace. Abin da ya nema shi ne a daina kare doka da cewa haka aka gada, a tambayi kowace doka wahalar wa ta rage, jin daɗin wa ta ƙara. Ya ce aikin da ya dace shi ne wanda ya fi kawo jin daɗi ya rage wahala ga duk waɗanda abin ya shafa, kuma jin daɗin sarki bai fi na talaka nauyi ba. Har ma'aunai bakwai ya jera, daga ciki akwai tsananin daɗin ko wahalar, da daɗewarsa, da tabbacin aukuwarsa, da yawan mutanen da zai shafa. Ya kuma lura da abin da kowace mace mai cefane ta sani, cewa kuɗi ɗaya ya fi amfani a hannun marar shi fiye da a hannun mai shi. Da wannan kaɗai za a yi hukunci, da yaron shago ya yi nasara nan take.

Sai dai su kansu ba su tsaya nan ba. Bentam ya fifita kwanciyar hankalin mutane a kan dukiyarsu sama da daidaita rabo, domin a ganinsa idan mutane suka daina amincewa abin da suka tara zai isa inda suka nufa, asarar ta fi ƙarfin ribar. Jon Sitiwat Mil, wanda littafinsa a kan wannan ra'ayi ya fito a 1863, kuma shi ne ya nemi majalisar Ingila ta ba mata ƙuri'a a 1867, ya ce ba a buƙatar mutum ya zauna lissafi kafin kowane aiki, domin 'yan Adam sun daɗe suna tara darasi a kan abin da gaskiya da ƙarya suke haifarwa, kamar yadda matuƙin jirgin ruwa yake fita da jadawalin taurari da aka riga aka lissafa masa. Ya ce duk ƙaryar da aka yi tana rage amincin da ke tsakanin mutane, wanda shi ne ginshiƙin zaman tare, amma ya yarda da togiya, kamar ɓoye labari ga mugu ko ɓoye mummunan labari ga wanda ciwo ya yi wa tsanani.

Inda nake ganin raunin ra'ayin, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne maganar sirri. Idan dalilin mayar da ajiya shi ne kada amincin jama'a ya lalace, to idan babu wanda zai sani fa? Henri Sijwik, wanda ya fi kowa tsefe wannan ra'ayi a littafinsa na 1874, ya amsa cewa bisa lissafin amfani akwai aikin da zai iya zama daidai a ɓoye alhali kuskure ne a sarari. Wannan magana tana ba ni tsoro, domin kowane maciyin amana da irinta yake lallashin zuciyarsa.

Saboda haka, ƙanena, ni ma ban ce a ba da kuɗin a ɓoye ba. Amma ban yarda kawu ya miƙa su ya kaɗe rigarsa ya ce ya sauke wajibi ba, alhali ya san gida guda zai kwana da yunwa. Wanda ya san abin da zai biyo bayan aikinsa yana da alhaki a kansa, kuma wannan shi ne abin da Bentam da Mil suka hana mu mantawa.

Almajirin Zaure:

Assalamu alaikum. Malam da Malama sun yi wa tambaya ta farko adalci, ni kuma zan tsaya a kan ta biyu, domin malaman Musulunci sun yi ƙarnoni suna muhawara a kanta da sunan mas'alar kyau da muni.

Aflatun ya riga ya ɗora tambayar a bakin Sokratis cikin wata gajeriyar muhawara: abin kirki, allolin Girkawa suna son sa ne don yana da kyau, ko ya zama mai kyau ne don suna son sa? Da maganar ta taso a Basra da Bagadaza, Mu'utazilawa, wata mazhaba ta malaman tauhidi, suka ce kyau da muni siffofi ne na ayyukan kansu, hankali yana iya gano manyansu tun kafin wahayi ya zo. Alƙali Abduljabbar, wanda ya rasu a 1025, yana cikin manyan masu wannan ra'ayi, kuma cikin misalan da suke yawan kawowa na wajibin da hankali ya sani akwai gode wa wanda ya yi maka alheri, da biyan bashi, da mayar da ajiya. Imam Abul Hasan al-Ash'ari da mabiyansa suka ce a'a, wajibi shi ne abin da shari'a ta wajabta, suka kafa hujja da aya ta 15 a Suratul Isra'i, inda Allah ya ce ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Mabiya Imam al-Maturidi suka tsaya a tsakani, suka ce hankali yana gane kyawun wasu abubuwa, amma mai wajabtawa Allah ne.

Ɗalibi, kada wannan saɓani ya firgita ka, domin malaman Ash'ariyya na baya sun taƙaita shi. Sun ce idan ana nufin kyau da ma'anar abin da ya dace da ɗabi'ar mutum, ko da ma'anar kamala kamar yadda ilimi ya fi jahilci, to kowa ya yarda hankali yana gane shi. Inda aka rabu shi ne ko hankali shi kaɗai zai iya tabbatar da cewa aiki kaza yana jawo lada ko azaba a lahira. Ka ga babu ɓangaren da ya ce cin amana yana da kyau. Sun haɗu a kan hukuncin, sun rabu a kan inda ƙarfinsa ya fito, kuma ina ganin haka lamarin yake tsakanin Aristotil da Kant da Mil a mafi yawan al'amuran yau da kullum.

Malamanmu ba su ƙyamaci abin da suka ga ya inganta a wurin Girkawa ba. An fassara littafin ɗabi'u na Aristotil zuwa Larabci a Bagadaza, Miskawaihi wanda ya rasu a 1030 ya gina littafinsa na gyaran ɗabi'u a kansa, Ibn Rushd na Kurɗuba wanda ya rasu a 1198 ya yi masa sharhi. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana hali a littafinsa Ihya'u da cewa yanayi ne da ya kafu a rai, ayyuka suna fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba, ya ce iyayen kyawawan halaye huɗu ne: hikima da jarumtaka da kamewa da adalci. Mu Hausawa mukan ce hali zanen dutse ne, shi kuwa ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya canzawa, ya ce da haka ne da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, alhali ko shaho da doki da kare ana horar da su su bar ɗabi'arsu ta farko.

Malama, maganarki ta duba sakamako tana da gurbi a usulul fiƙihu, shi ne babin maslaha, wato duba amfanin jama'a, amma an yi mata linzami. Al-Gazali ya ce shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Duk da haka ya kawo misalin jirgin ruwa da ya yi nauyi, wanda idan aka jefa mutum ɗaya a ruwa sauran za su tsira, ya ce bai halatta ba ko da ƙuri'a aka yi, domin yawan masu amfana kaɗai ba ya halatta jinin wanda bai yi laifi ba.

Game da kawunka, aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da amanoni ga masu su. Daga lokacin da mutum ya cika, dukiyarsa ta zama ta gado: a yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, saura na magada ne. To a nan ne ƙofar take. Maganar da marigayin ya sha faɗa game da yaron shagonsa, ko ta kai matsayin wasiyya ko buri ne kawai, ba kawu ne zai yanke shi kaɗai a ɗakinsa ba, aikin magada ne da malamai, in ta kama har gaban alƙali. Abin da ke kansa shi ne ya fito da ajiyar, ya kuma faɗi abin da ya ji ba ragi ba ƙari, ya nemi wasu da suka ji irin maganar. Haka nan a bincika ko akwai ladan aiki ko wani hakki da yaron yake bin marigayin, domin idan akwai, bashi ne, kuma bashi yana gaba da gado.

Ɗalibi daga Zariya:

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa kawu amsoshinku jiya da dare, ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce zai kira babban ɗan marigayin tare da limamin unguwa bayan sadakar arba'in. Maganar bashin ladan aiki ba ta taɓa zuwa masa ba.

Amma ya faɗi wata magana da ta dawo da ni kan darasinmu. Ya ce gaskiya zuciyarsa har yanzu tana wajen yaron shagon, kuma abin da ya rinjaye shi shi ne tsoron tsayuwa gaban Allah da amanar wani a wuyansa. Baba Malam, an koya mana cewa a wurin Kant aikin da aka yi don tsoro ko kwaɗayi ba shi da darajar ɗabi'a. Shin ke nan kawu ya yi daidai amma aikinsa ba shi da daraja?

Tsohon Malamin Makaranta:

Ɗana, misalin da Kant ya kawo shi ne na mai shago wanda ba ya cutar yaro a farashi don kada kasuwarsa ta mutu. Aikinsa ya dace da wajibi, amma ba don wajibi ya yi shi ba, shi ya sa ranar da cuta za ta yi masa riba ba tare da an gane ba, babu abin da zai riƙe shi. Aflatun ya kawo irin wannan gwaji da labarin makiyayin da ya tsinci zobe mai sa mutum ya ɓace wa idanu, ya yi amfani da shi ya kashe sarki ya hau gadonsa, aka ce a ba adali irin zoben a ga ko zai bambanta da azzalumi. Kawunka an ba shi wannan zoben, domin babu mahalukin da ya san da kuɗin, kuma bai karkata ba. Tsoron da ya ambata ba tsoron kamu ba ne, tsoron ɗaukar hakkin wani ne, kuma a fahimtata wannan ya fi kusa da abin da Kant yake kira girmama doka fiye da lissafin mai shago. Hasali ma a wurin Kant, darajar aiki ta fi fitowa fili idan zuciya tana ja wani wajen mutum ya tsaya a kan wajibi.

Aristotil ne zai yi masa wata tambaya dabam. Shi ya bambanta wanda yake danne son ransa ya yi daidai da wanda ransa ya riga ya so daidai ɗin, ya ce na biyun ne ya cika. Sai dai abin da ke jan kawunka ba kwaɗayi ba ne, tausayi ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ya yi fatan rabuwa da shi ba. Ya kai shi wurin taron, ya yi wa yaron shagon magana da duk ƙarfinsa, in yana da hali ya fara sa nasa gudummawar a gabansu. Abu ɗaya zan roƙe shi ya kiyaye: ya fara miƙa kuɗin cif a gaban shaidu biyu, a ƙirga a rubuta, sannan ya buɗe maganar yaron, kada magada su ji kamar sai sun amsa buƙatarsa zai sakar musu hakkinsu.